Muhawara: Shin fayil ɗaya ya wadatar idan za a kai sautin bidiyo wurin mai gyara?

Malam Habu, Ringim:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa abokan sana'a. Ina da magana a kan yadda muke miƙa sauti daga manhajar tace bidiyo zuwa ta gyaran sauti, kuma na san ba kowa ne zai yarda da ni ba. A ganina, ga mu da muke aiki a karkara, fayil ɗaya ya wadatar. Idan ka gama yanka, ka fitar da sautin gaba ɗaya a haɗe, ka tura wa mai gyara ya rage hayaniya ya daidaita ƙarfin murya, sannan ya dawo maka da shi ka shimfiɗa a ƙarƙashin hoto. Shirin minti 40 a MP3 mai 128 kbps bai kai megabait 40 ba, ko da ɗan sabis ɗin da muke samu bayan isha'i zai isa Kano. Zancen AAF da OMF, wato fayilolin da suke kai sauti da jerin yankansa daga manhaja zuwa manhaja, na masu shirya fim ne a birni, waɗanda suke da wuta da intanet da ma'aikata. Mu kuwa ɗaurin aure muke ɗauka, da saukar karatu, da taron ƙungiyar manoma.

Sani, Bichi:
Wa alaikumus salam, Malam Habu. Allah ya ƙara girma, amma a nan ban bi ka ba, domin ni ne wanda irin wannan fayil yake zuwa hannunsa. Mu ɗauki shirin noman rani da aka ɗauka a Kadawa: manomi yana bayani, injin ban ruwa yana ruri a bayansa, edita ya ɗora kiɗa a ƙasa, ga kuma muryar mai gabatarwa da aka naɗa a ɗaki. Idan duka huɗun suka zo mini a dunƙule, duk abin da na yi don kashe rurin injin sai ya taɓa kiɗan, ya kuma taɓa muryar mai gabatarwa wadda lafiyarta ƙalau. Gero da dawa idan aka niƙa su tare, babu rariyar da za ta raba su.

Sannan MP3 zubar da wani sashe na sautin yake yi don ya rage nauyi, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa. Na gyara na sake matsewa, ka shigar ka fitar da bidiyo an sake matsewa, aka ɗora a Facebook ko YouTube aka sake matse shi, to a nan ne ake jin harafin "s" yana tsatsa kamar daga tsohuwar rediyo. Haka kuma MP3 yakan ƙara ɗan guntun shiru a farkon fayil, wanda yake iya ture murya kaɗan daga kan baki. AAF kuwa yana kawo mini aikin yadda ka jera shi, kowane yanka a wurinsa, kowane makirfo a layinsa, tare da rarar daƙiƙa biyu ko uku a gefen kowane yanka idan ka nemi hakan wajen fitarwa. Wannan rarar ita ce abin da na fi buƙata, domin da ita nake gyara inda aka datse numfashin mutum ko ƙarshen kalmarsa, kuma daga cikinta nake samo shirun wurin da zan cike giɓi da shi.

Hajiya Rabi, Gumel:
Sani, na yarda da kai a kan MP3, amma kana magana kamar kowa yana da irin kayan aikinka. A cikin manhajojin gyaran sauti, Pro Tools yana buɗe AAF, Cubase babba ma yana buɗewa, amma yaron da yake gyara mini sauti a nan da Audacity yake aiki, ita kuwa ba ta buɗe shi. Ko ga masu iya buɗewa, ba komai ne yake tsallakawa ba: gyare-gyaren da edita ya sa wa murya a manhajar tace bidiyo ta Premiere ba duka ne suke bin fayil ɗin ba, kuma idan an cusa jerin yanka a cikin wani jerin, sau da yawa sai an warware shi kafin ya fita daidai. OMF kuma tsohon tsari ne na kamfanin Avid, idan aka zuba sautin a cikinsa ba ya wuce gigabait 2.

Abin da nake yi a bikin mata shi ne in raba sautin gida-gida. Makirfon mai sanarwa layi ɗaya, sautin kyamara layi ɗaya, kiɗan da na ɗora layi ɗaya, in fitar da kowanne shi kaɗai a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a ma'aunin 48 kHz (sau dubu 48 ake ɗaukar sauti a daƙiƙa), dukansu daga farkon shirin har ƙarshensa, da tsawo ɗaya, ko da rabin layin shiru ne. Duk manhajar da ke duniya za ta buɗe su, kuma da an jera su daga sifili sun hau kan juna.

Malam Habu, Ringim:
Hajiya, ki yi lissafin abin da kika faɗa. Layi ɗaya na WAV a 48 kHz da bit 24, wato ma'aunin zurfin sautin, yana cin kusan megabait 8 da rabi a minti. Shirin minti 40 mai layi shida ya haura gigabait 2. Wa zai biya wannan datar, kuma da wane sabis za a tura? Mai biki bai san da wannan kuɗin ba, kuma ba zai ƙara ko sisi a kan abin da aka yi ciniki ba.

Sani, Bichi:
Lissafin Malam daidai ne, kuma shi ne ma hujjata. Hanyar Hajiya tana ɗauke da shiru mai yawa, shiru kuwa a WAV nauyinsa ɗaya da magana. AAF da aka datse yana ɗaukar guntayen da aka yi amfani da su ne kawai da rararsu, don haka sau da yawa ya fi sauƙin nauyi. Wanda zai bi hanyar Hajiya ya ƙunshe fayilolin a zip, ko ya mai da su FLAC, wanda yake rage nauyi ba tare da ya zubar da komai ba, shirun kuma ya kusan ɓacewa. Idan ta WhatsApp za a tura, a tura a matsayin takarda, domin ta haka fayil yake isa yadda yake. Idan sabis ya ƙi, filash a hannun direban da aka sani a tasha yana isa Kano a yini guda.

Isa, Kura:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in sa baki. Ni tambayata ita ce, me ya sa za a fitar da sautin tun farko? Kamfanin Blackmagic ya sayi Fairlight, masu kayan gyaran sauti, a 2016, kuma tun fitowar manhajarsa ta tace bidiyo, DaVinci Resolve 14, a 2017 sashen gyaran sauti yana cikin manhajar tace bidiyon, har a wadda ake saukewa kyauta. Shafi kawai za ka sauya, ka ga layukanka yadda ka bar su, babu fitarwa babu shigarwa, kuma idan mai aiki ya ce a cire wani wuri, sauti da hoto tare suke motsawa.

Hajiya Rabi, Gumel:
Isa, wannan yana amfani idan mai yanka da mai gyaran sauti mutum ɗaya ne, ko suna zaune a shago ɗaya. Resolve kuma yana son kwamfuta mai ƙarfi, yawancinmu kuwa tsofaffin laftof ne a hannunmu, a kan sola ko janareta. Amma ka taɓo abu mai muhimmanci. Duk hanyar da aka bi, da zarar sauti ya bar hannun edita bai kamata a sake taɓa yankan ba. Dangin amarya su ce a cire wata baƙuwa bayan an tura, a cire daƙiƙa goma a tsakiya, to duk abin da ya biyo baya ya goce, kuma mai gyara ake ɗora wa laifi alhali fayil ɗinsa daidai yake da abin da aka ba shi.

Isa, Kura:
Gaskiya ne, Hajiya. To ina da wata matsalar da ba ta da alaƙa da sake yanka. Wani lokaci sauti yana dawowa, a farko murya tana kan baki, amma kafin ƙarshe ta riga shi ko ta makara sosai. Wannan laifin wace hanya ce?

Sani, Bichi:
Ba laifin ko ɗaya daga cikinsu ba ne, Isa, kuma yana da kyau a bambanta iri biyu. Idan tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, wurin ajiye fayil ɗin ne aka kuskure, ja shi kawai za a yi. Idan kuwa tazarar ƙaruwa take yi, to ma'auni ne ya saɓa. Bidiyo a 48 kHz yake tafiya, kiɗan faifan CD da yawancin waƙoƙi kuma a 44.1 kHz. Manhajojin yanzu sukan juya ɗaya zuwa ɗaya da kansu, amma idan aka karanta na 44.1 a matsayin 48 ba tare da juyawa ba, sautin zai yi sauri da kusan kashi 9 cikin 100, murya ta sirance, kowa zai ji. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne na adadin hotuna a daƙiƙa: tsakanin 24 da 23.976 bambancin ɗaya ne cikin dubu, amma a awa guda ya kai daƙiƙa 3.6. Ga wayoyi kuma, da yawansu ba sa riƙe adadi ɗaya, sukan rage idan haske ya yi ƙasa, shi ya sa hoton da aka ɗauka da waya a taron dare ya fi kawo wannan ciwon kai. Maganinsa a bi da hoton ta HandBrake, manhajar juya bidiyo, a tsayar da shi a kan adadi ɗaya, misali 25, kafin a fara yanka.

Abin da nake roƙon kowane edita shi ne ya sa ɗan ƙara mai tsawon hoto ɗaya daƙiƙa biyu kafin shiri ya fara, ya sa wani a ƙarshe, kuma ya haɗo mini da ƙaramin kwafin bidiyon in riƙa kallon baki ina aiki. Idan sauti ya dawo, ƙarar farko da ta ƙarshe suka faɗa wurarensu, to tsakiya ma lafiya take.

Malam Habu, Ringim:
Na ji bayanin kowa, kuma a shiri irin na Kadawa da Sani ya kawo, mai kiɗa da mai gabatarwa, raba layuka yana da hujja. Amma ban sauka daga maganata ba a kan wa'azi da tafsiri da saukar karatu, waɗanda su ne rabin aikinmu. Makirfo ɗaya ne, malami ɗaya ne, babu kiɗa, yankan ma bai taka kara ya karya ba. A nan layi ɗaya ne tun asali, babu abin da za a raba.

Sani, Bichi:
A wannan kam babu jayayya, Malam, fayil ɗaya ne, sai dai ya zo a WAV ko FLAC, kuma kada a sa masa maganin hayaniya a manhajar bidiyo kafin a turo, domin wanda aka riga aka ƙwaƙule ya fi wuyar gyara a kan ɗanye. Karatun awa guda a layi ɗaya, 48 kHz da bit 16, kusan megabait 345 ne, FLAC kuma yakan rage shi zuwa wajen rabi.

Malam Habu, Ringim:
Rabin ma ya ninka MP3 ɗina sau uku. Zan gwada FLAC a saukar karatun da za mu ɗauka ranar Asabar, amma kuɗin datar a cikin ladan gyaranka zan cire, Sani, sai ka faɗa mini tun yanzu idan ka amince.