Neman shawara: kwaikwayon farin dango ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta

Ɗalibar Katsina: Assalamu alaikum. Binciken digirina na biyu a kan farin dango ne, wato yadda fara mai zaman kaɗaici take sauya hali ta shiga cincirindo idan cunkoso ya sa ana yawan taɓa ƙafafunta na baya. Malamina ya ce in zaɓa tsakanin lissafin da ke ɗaukar yawansu a dunƙule da gina kowace fara a NetLogo (manhajar kwaikwayo a kwamfuta) da ƙa'idar tafiyarta da cinta, in ga ko ayarin zai haɗu da kansa. Wata shida ya rage mini, kuma kwamfutata mai RAM 4GB ce. Wanne za ku ba ni shawara?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ki koyi Python, harshen rubuta manhaja, domin shi ake nema a kasuwar aiki yanzu.

Abu Hafsat: 'Yar'uwa, ki yi hattara. Ni na yi irin wannan aiki a kan tsuntsayen jan baki na fadamar Hadeja zuwa Nguru. Na ba kowane tsuntsu yunwarsa da nisan tashinsa, garken ya fito a allo har yana sauka a gonakin shinkafa, na yi ta murna. Ranar kare bincike mai jarrabawa daga waje ya tambaye ni inda na samo adadin hatsin da tsuntsu ɗaya ke ci, ba ni da amsar da ta fito daga fadamar, sai ya ce wasan kwamfuta na kawo. Shekara guda aka ƙara mini, abokan karatuna suka fita suka bar ni.

Dakta Z.: Malam Abu Hafsat, matsalar ba ta hanyar ba ce. Tun 2006 Volker Grimm da abokan aikinsa suka fitar da tsarin ODD, wato tsarin rubuta bayanin samfurin kwamfuta, domin a bayyana kowane zato a rubuce. NetLogo kyauta ne tun da Uri Wilensky ya fitar da shi a 1999, amma maimaita gwaji sau ɗaruruwa a BehaviorSpace, sashen gwaje-gwaje na NetLogo, yana son kwamfuta mai tsada.

Injiniya: Dakta, ta hannu mai 16GB na saya a dubu 280, kuma tana aiki lafiya.

Bamaraɗe: Idan farar ta yi yawa a kwamfutar, a turo mana mu soya da yaji. Amma ni na ga farin 2004 da idona a Nijar, kuma iska da ruwan sama ne suka ja ragamarsu. Wanda bai taɓa bin su a daji ba bai kamata maganarsa ta rinjayi ta masu aikin gona ba.

Dakta Z.: Ganin ido ba ya bayyana dalilin da ya sa suke fara tafiya fuska ɗaya idan yawansu ya kai wani mataki.

Abu Hafsat: To ina bayanan dajin suke? Na kai takardar neman ƙididdigar feshin jan baki wani ofishi, aka ce sai mai sa hannu ya dawo, har na gama karatu bai dawo ba.

Bamaraɗe: Mu ma bayanan ruwan sama na tashar da ke garinmu sai da kuɗi ake ba ɗalibi. Ke nawa aka nema a wurinki, 'yar Katsina?