Kibod marar sashen lambobi: me kuka gani bayan kun koma kansa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka yi aiki da kibod marar sashen lambobi, wato kibod ɗin kwamfuta da aka cire wa rukunin maɓallan lambobi na gefen dama, mai maɓallai 87 maimakon 104 da aka saba. Ana cewa yana rage ciwon kafaɗa, kuma ina so in ji daga bakin waɗanda suka gwada kafin in saya.

Mai rubuta manhaja: Wa alaikumus salam, Malam. A wurina dai maganar gaskiya ce. Maɓallai 17 da aka cire suna cin kusan santimita 8 na faɗin tebur, kuma a wannan gurbin ne linzamin kwamfuta (mouse) yake zama yanzu. A da, hannuna na dama yakan wuni a miƙe can gefe, gwiwar hannu ta rabu da jiki, da yamma kuma kafaɗa ta yi tsami har zuwa wuya. Tun da na canza, haruffan suna daidai gabana, linzamin yana kusa, kuma tsamin ya ragu sosai, ko da yake tsayin kujera da na tebur ma suna da nasu tasirin.

Ma'aikaciyar lissafi: Ni kuwa, Malam, ba zan ba ka wannan shawarar kai tsaye ba. Wanda yake wuni yana shigar da alƙaluma a Excel ya san amfanin ɗan tudun nan da ke kan maɓallin 5 na sashen lambobi: yatsa na tsakiya yana sauka a kansa, sauran yatsu su san wurarensu, ido kuma yana kan takarda. Da na koma jerin lambobi na sama, sai da na riƙa amfani da hannu biyu ina duban kibod, aikin ya yi nauyi, kurakurai suka ƙaru.

Mai zane: Hajiya ta yi gaskiya, kuma akwai ƙari. A Blender, manhajar zane mai siffar 3D, da sashen lambobi ake juya kallon abin da ake zanawa, sai dai a kunna saitin da ke mayar da aikin kan jerin sama. A Windows ma, buga alama da maɓallin Alt, kamar Alt da 0176 don alamar digiri, yana buƙatar wannan sashen.

Ma'aikaciyar lissafi: Daga baya na sayi sashen lambobi mai zaman kansa, na USB, na ajiye shi a hagu. Hannun hagu ya ɗauki lokaci kafin ya saba, amma yanzu shi ne yake buga alƙaluma, na dama kuma ba ya barin linzami.