Mai ciwon suga da ɗan fanshon Amurka, wace ƙasa ya kamata ya koma?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san ƙasashe. Shekarata 61, tuƙi nake a New York, ina da suga da hawan jini, uwargida kuma gwiwa ta matsa mata. Yara sun girma kowa ya kama gabansa, mu biyu muka rage a Bronx, kuma wallahi haya da inshora da magani su ke cinye duk abin da na samo, jiki kuma ya fara ƙin zaman mota. Tunanina in na cika 62 in fara karɓar fanshon gwamnati wato Social Security mu tattara mu koma inda rayuwa ke da sauƙi kuma asibiti bai fi ƙarfin mutum ba. Wasu na ce min Masar wasu Maleshiya. Gida Kano ne, amma maganar asibiti ce ke sa ni ja da baya.

Malam Na Alƙahira: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai Masar zan ce maka kuma ba don ina cikinta ba. Mai dala a nan yana cikin rufin asiri, tun da suka saki kuɗinsu a Maris 2024 dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50. Likitoci ga su nan birjik, ƙwararren likitan suga ko na zuciya kana iya ganinsa a ranar da ka nema, ba sai an ba ka wata uku ba, kemis kuma kowane lungu akwai har gida suke kawo magani. Manyan asibitocin kuɗi irin su Dar Al Fouad da As-Salam da Saudi German duk mutanenmu na zuwa, harkar ƙoda kuma cibiyar Mansura ta yi suna. Unguwa in kana son kusa da 'yan gida to Madinat Nasr, nan ɗaliban Azhar suka fi yawa, in kuma shiru kake so sai Rehab ko 6 Oktoba. Ga masallaci a ƙofar gida, ga EgyptAir na zuwa Kano kai tsaye kamar awa huɗu, yana kuma zuwa New York in kewar jikoki ta taso.

Anti Nas Houston: Yaya kafin a kai ga zaɓen ƙasa, wace takarda ke hannunku? fasfo ne ko girin kad, katin zaman dindindin? amsar nan ita ce komai

Baban Ummi: Ni ina da fasfon Amurka Hajiya, ita ce dai har yanzu girin kad, ta daɗe da shi amma jarrabawar Turancin ce take tsoro.

Anti Nas Houston: To dan Allah kar ku motsa ko nan da can sai ta karɓi fasfo. Mai girin kad in ya wuce shekara a waje ba tare da takardar izinin dawowa ba ana ɗauka ya bar zaman ƙasar, ita ma takardar izinin shekara biyu ce iyakarta. Sannan wanda ba ɗan ƙasa ba kuɗin Social Security ɗinsa na iya tsayawa in ya yi wata shida a waje, kai mai fasfo naka zai bi ka Masar ko Najeriya ba matsala. Maganar Turanci kuma ku kwantar da hankali, akwai sassauci, wanda ya kai 50 ya shekara 20 da girin kad, ko ya kai 55 ya shekara 15 da shi, ba ya yin jarrabawar Turanci, tambayoyin ƙasa kawai zai amsa kuma da harshensa, da tafinta za ta je ta yi da Hausa.

Abu na biyu wanda ya fi damuna, Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, sai 65 ake shiga kuma baya biyan magani a wajen Amurka. In ka ce to bari in ƙi biyan Part B, ɓangaren ganin likita, tunda bana ƙasar, duk shekarar da ka tsallake ana ɗora maka kashi 10 a kan kuɗin wata har ƙarshen rayuwa in ka dawo kana so. A 2025 dala 185 ne a wata. Na ga dattawanmu da suka tafi gida lafiya lau, ciwo ya yi tsanani yara suka dawo da su, aka zo ana neman yadda za a yi. Kuma karɓar fansho a 62 yana nufin an yanke maka kashi 30 na abin da za ka samu a 67, yankewar kuma ta har abada ce.

Ɗan KL: Baba Maleshiya ƙasa ce mai daɗi gsky, ga tsafta ga halal ko'ina, asibitocinsu na kuɗi a Kuala Lumpur da Penang ba su da na biyu a yankin, likitoci duk suna jin Turanci, cibiyar zuciyarsu IJN har daga wasu ƙasashe ake zuwa. Amma bizar zaman da ake ba masu ritaya wato MM2H ta canza a 2024, na ƙasa cikin manyan matakanta uku ma sai kun ajiye dala 150,000 a bankinsu kuma dole ku sayi gida, na shekara biyar ne a sabunta. In akwai wannan ƙarfin bismillah, in babu kar wani ejan ya ce muku ku shigo da bizar yawon buɗe ido kuna fita kuna dawowa, ba rayuwar dattijo bace. Ga nisa kuma, in rasuwa ta faru a Kano kafin ku iso an yi sadakar uku.

Baban Ummi: Dubu ɗari da hamsin kam babu ita ɗana, Maleshiya ta fita. Na gode da ka faɗi gaskiya.

Maman Khalifa: Ni ina da magana a kan Masar ɗin, Malam ka yi haƙuri ba musu nake da kai ba. Na yi jinyar mahaifiyata a can, likitocin sun iya aiki wannan ba ƙarya, amma zuwa magani daban zama daban. Farko dai dillalai, tun daga filin jirgi za a tare ka da Hausa mai daɗi a ce za a kai ka wajen babban farfesa, ashe an riga an ɗora nasu kason a kan kuɗin aikin, kai da ba ka jin Larabci ba ka san me aka rubuta ba. Wani asibitin da ba zan faɗi suna ba farashin baƙo daban na ɗan ƙasa daban, kuma sai ka ajiye kuɗi kafin a ba ka gado. Sannan abin da babu mai faɗa, mai jinya. Ranar da Alhaji ya kwanta wa zai kwana da shi, Hajiya da ke fama da gwiwa? Ni da ƙuruciyata sai da na gane kurena, babu mai karɓarka ka je ka yi wanka, babu mai kawo maka ko kunu. A gida ko ba ka da ko sisi ɗaki cika yake da 'yan dubiya.

Malam Na Alƙahira: Gaskiya kika faɗa Hajiya ban musa ba, maganin dillali shine mutum ya je asibitin da ƙafarsa ofishin baƙi ya karɓi farashi a rubuce. Kuma in ƙara da abin da na bari, haya ta tashi sosai tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilu 2023 'yan uwa suka kwararo, tsadar kaya ma ta taɓa kai kashi 38 a 2023, mai albashin fam ya sha wuya. Iƙama, wato takardar zama, kuma a Abbasiyya ake yi, akwai layi akwai jira. Wanda ya sayi gida na dala 50,000 ana ba shi ta shekara ɗaya, 100,000 shekara uku, 200,000 shekara biyar, amma ni ban ba ka shawarar saye ba sai ka zauna a haya ka ga yanayi, musamman sanyin Janairu da gidajensu ba abin ɗumama ɗaki.

Ɗan Zongo: Alhaji kun manta da Gana ne? Kumasi ko Nima a Ankara Hausa za ka yi ta yi tun safe har dare kamar kana Fagge, tuwo da waake da koko duk akwai, wuta ta fi ta Najeriya tsayawa, hankali kwance. In fasfon Najeriya na hannunka kwana 90 kake da shi na ECOWAS sai ka nemi takardar zama. Inshorar gwamnati NHIS tun 2003 take, mai zama bisa ƙa'ida na iya yin rajista, ga manyan asibitocin Korle Bu da Komfo Anokye. Sai dai ban ɓoye maka ba, Ankara akwai tsada, masu gida kuma suna neman hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, kuma katin ba kowane magani yake ɗauka ba, wani sai ka saya a waje. Kumasi ko Tamale sun fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Bamaraɗe: mu ma nan Nijar gwamnati ta rage kuɗin asibitocinta da rabi tun Satumba 2024, kuma sefa bata rawa irin naira tunda da yuro aka ɗaure ta. Maraɗi na da babban asibiti, Kano kuma ga ta nan kusa. amma mun fita CEDEAO wato ECOWAS a Janairu 2025 to a bincika maganar takardu da kyau, kuma babban ciwo har yanzu mutanenmu waje suke fita

Likitan Zaure: Ranka ya daɗe bari in sa baki a matsayin wanda ke ganin masu suga kullum a Kano. Ciwon suga da hawan jini ba babban asibiti suka fi buƙata ba, abin da suke so likita ɗaya wanda ya san ka, awon suga na HbA1c duk wata uku, a duba ido da ƙoda da ƙafa duk shekara, magani mai kyau wanda baya yankewa, da abinci da tafiyar ƙafa. Duk wannan ana yinsa a Kano, kuma da dala a hannu tun da aka saki naira a Yuni 2023 ba zai gagare ka ba. Asibitin Malam Aminu Kano har dashen ƙoda ana yi tun 2002. Inda muke da rauni ba zan rufe ba, taimakon gaggawa ne, in bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ya zo cikin dare motar asibiti ba kamar can ba ce, likitoci da yawa kuma sun fita waje, ga jabun magani a kasuwa sai ka riƙe kemis guda amintacce. In kana allurar insulin sola da firij dole ne kafin ma ka sayi kujera, domin wadda ba a buɗe ba tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye ta, zafin Afrilu a Kano kuwa yana haura 40.

Sannan duk ƙasar da za ka, ka tambayi kamfanin inshora tambaya ɗaya a rubuce, shin suna ɗaukar ciwon da mutum ya shigo da shi? Yawancin inshorar ƙasa da ƙasa ko su cire suga da duk abin da ya haifar, ko su tsuga kuɗi ga wanda ya haura 60. Arhar ganin likita ba ita ce matsala ba, ranar da aka ce wankin ƙoda sau uku a sati ko aikin zuciya ita ake yi wa tanadi.

Maman Khalifa: Likita Allah ya biya ka, abin da nake son faɗa kenan. A zauna gida cikin dangi, Masar ta zama wajen zuwa dubawa ko aiki in ya taso.

Ɗan Zongo: to amma tsaro fa Hajiya, mutum ya dawo daga Amurka kowa ya san yana karɓar dala duk wata, ga 'yan uwa kowa da buƙatarsa, fanshon mutum biyu zai koma na mutum talatin

Maman Khalifa: Wannan kuma gaskiya ne, sai dai ya iya bakinsa ya kuma ware kuɗin magani a asusun da babu mai taɓawa, ko biki ko suna.

Anti Nas Houston: Yaya ƙarin abu biyu. Tunda a jihar New York kake ka je a duba ko kun cancanci inshorar lafiyar jihar wato Essential Plan, ya danganta da abin da kake samu a shekara, in kun shiga babu kuɗin wata, zai iya riƙe ku zuwa 65 ba sai ka yi gaggawar karɓar fansho an yanke ba. A Medicare kuma insulin baya wuce dala 35 a wata tun 2023. Na biyu, ɗan ƙasar Amurka duk inda yake a duniya sai ya cike takardar haraji in kuɗin shigarsa ya kai, kuma in abin da ke asusunka na waje ya haura dala 10,000 sai ka sanar, mutanenmu da yawa basu san wannan ba. Gwiwar Hajiya ma in aiki za a yi a yi shi kafin ku tashi.

Baban Ummi: Allah ya saka wa kowa da alheri, wallahi kun buɗe min ido. Mun zauna da uwargida yanzu na karanta mata duka, ta ce in dai da Hausa ne za ta yi jarrabawar, gobe zan kira babbar 'yarmu ta fara cike mata takardu. Fanshon zan dakata tukuna in ga maganar Essential Plan ɗin. Bayan sallah in Allah ya kai mu za mu je Kano mu ɗan jima mu gwada zaman, a hanyar dawowa mu tsaya Alƙahira a duba mu in ga wajen da idona. Malam, haya ta wata ɗaya da kayan ɗaki ana samu a Madinat Nasr? kuma hawa na ƙasa nake so saboda ƙafarta.

Malam Na Alƙahira: Ana samu Alhaji, mafrusha suke ce mata, amma ka guji lokacin zafi daga Yuni zuwa Agusta, Larabawan Gulf na cika gari kuɗin ya ninka. Hawan ƙasa yana wuya sai dai mai lifta, kuma ka tabbatar liftar na aiki kafin ka ba da ko fam ɗaya. Ka taho da duk takardun awonka na baya da sunayen magungunan da kake sha, sunan sinadarin ba na kamfani ba, domin a nan sunayen daban ne.

Likitan Zaure: In kun iso Kano ma haka, ku zo da maganin wata uku a jakar hannu kar a sa a kaya, insulin baya son cikin kayan jirgi.