Neman shawara: kalangu da algaita sun ƙi yin rai a kan MODX ɗina

Mai Fiyano, Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara shida ina kiɗa da fiyanon lantarki Yamaha PSR, a situdiyo da wurin biki. Watan jiya na tattara ɗan abin da nake da shi na sayi wani fiyanon Yamaha, MODX6, na hannu, don ina so in daina dogaro da sautin da kowa ke da shi, in riƙa gina nawa. Yanzu an ba ni aikin waƙar biki. Dangin ango mutanen cikin birni ne, sun ce lallai a ji kalangu da algaita irin na hawan Sallah. Saura mako uku.

Na yi kwana huɗu a ɓangaren FM-X, inda ake gina sauti daga tushe, ina ta murɗe-murɗe. Kalangun da na haɗa ƙararsa kamar ana buga gwangwani, algaitar kuma ta fi kama da hon ɗin mota. Na kunna wa kawuna, wanda ya tashi a Kwarbai yana jin makaɗan fada, ya saurara ya ce, "Ɗana, wannan ba ya magana." Maganar ta tsaya mini a rai, don na san gaskiya ya faɗa. Daga ina zan fara? Ko in haƙura in koma kan sautin da aka zo da shi?

Injiniya, Samaru:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka haƙura, injin da ke hannunka zai iya, sai dai ka fara da fahimtar abin da kake murɗawa.

Wannan hanya ta FM wani malami ne, John Chowning, ya gano ta a Jami'ar Sitanfod ta Amurka a 1967. Yamaha ta karɓi lasisinta, ta fito da DX7 a 1983 mai ofireta 6 (ƙananan masu samar da sauti a cikin injin) da algoridim 32 (tsarin jona su da juna). Naka yana da ofireta 8 da algoridim 88, kuma yawan nan shi ne ke rikita sabon shiga. Ka kashe ofireta shida, ka bar biyu kawai, ɗaya a kan ɗaya. Na ƙasa shi ne wanda kunne ke ji, ni ina kiransa uwar murya. Na sama ba a jin sa, aikinsa girgiza na ƙasa, ina kiransa mai zuga. In ka ɗaga ƙarfin mai zuga sauti ya yi kaifi, in ka sauke ya yi laushi. Duk sirrin FM a nan yake.

Sai lissafin da ke tsakaninsu. In mai zuga yana kan cikakkiyar lamba, 1 ko 2 ko 3, za ka samu murya mai daɗin bi, irin ta busa ko tsirkiya. In ka sa shi a kan gutsuren lamba, sai ka shiga duniyar ƙararrawa da ganga. Fatar da aka ɗaure a da'ira, bayan muryarta ta asali tana fitar da wasu a wajen ninki 1.59 da 2.14 da 2.30. Don haka a kalangu ka bar uwar murya a 1, ka kai mai zuga kusa da 1.59.

Gwangwanin da kake ji kuwa, na tabbata daga enbulof ɗin mai zuga yake, wato yadda ƙarfinsa ke tashi da sauka bayan an buga. Ka bar shi yana daɗewa. A ganga ta gaske, kaifin yana zuwa ne lokacin da makaɗi ya taɓa fata, ƙiftawar ido ya wuce, sai gundumin sautin ya rage yana dushewa. To ka sa mai zuga ya tashi nan take, ya faɗi da sauri ƙwarai, ita kuma uwar murya ta sauka a hankali. Ka ba mai zuga damar jin ƙarfin bugun yatsa, yadda in ka daka zai yi kaifi, in ka taɓa a hankali zai yi taushi. Bayan wannan ya zauna, sai ka kunna wasu ofireta biyu don ƙarar sandar kanta: gajere sosai, lamba mai tsawo, ƙarfi kaɗan. In har ka ji shi daban a kunne, ya yi yawa.

Ɗan Makaɗa, Ƙofar Gayan:

Injiniya, Allah ya ƙara basira, lissafinku ban isa in sa baki ba. Amma ni gidanmu gidan kalangu ne, kuma abin da kawunka ya faɗa ba maganar ƙarar fata yake yi ba. Kalangu a hammata yake magana. Makaɗi ya matse igiyoyin fatar nan murya ta hau, ya saki ta sauka, kuma sau da yawa bayan ya riga ya buga yake matsewa, sai ka ji sautin ya lanƙwasa. Hausa tana da murya ta sama, da ta ƙasa, da mai faɗowa, su kalangu ke kwaikwayo, shi ya sa mutum zai ji takensa ya gane da shi ake. Kai kuwa na san abin da kake yi: kana buga maɓalli uku daban-daban. Wannan ganga uku ce, ba kalangu ɗaya ba. Ka nemo abin da zai zama hammatarka a jikin injin nan.

Injiniya, Samaru:

Wallahi Malam ka gama magana. Hammatar ita ce tayar fich-ben da ke hannun hagu, mai ɗaga murya ko sauke ta. Ƙanena, ka mayar da sautin zuwa mono, wato murya ɗaya a lokaci guda, ka tsaya a kan maɓalli ɗaya ko biyu, ka buɗe tazarar tayar zuwa sama kamar rabin mataki 5 zuwa 7 (rabin mataki shi ne tazarar maɓalli da na kusa da shi). A MODX ana saita na sama daban da na ƙasa, to na ƙasa ka bar shi 1 ko 2, tunda kalangu a sake yake ƙasa, matsi ne ke ɗaga shi. Ka ƙara ɗan enbulof na murya wanda zai fara sama kaɗan ya zame ƙasa da sauri, don fata tana ƙara ɗamewa a daidai lokacin bugu. Kaɗan fa. In ya yi yawa zai koma gangar disko.

Oga Situdiyo, Sabon Gari:

Ni dai ban ga dalilin wahalar nan ba, ga mako uku kawai. Ka kira makaɗi situdiyo, ka biya shi, ka ɗauki bugu goma sha biyar, ka loda a MODX, ai tana karɓar samfur, wato sautin da aka ɗauka. An gama. Mu haka muke yi kuma ba wanda ya taɓa dawo mana da aiki.

'Yar Kongo:

Oga, da girmamawa, na gwada hanyarku kuma tana aiki in bugu ne tsaye. Matsalar tana wurin lanƙwasa. In ka ja samfur sama da taya, komai na cikinsa yana hawa tare, har ƙarar sandar da amon ɗakin, kuma yana gajarcewa, sai ya koma kamar abin wasan yara. Ni abin da ya yi mini shi ne haɗa biyun: samfur gajere na bugun sanda a fat ɗaya (sashe ɗaya na sautin) wanda na hana shi jin taya, jikin gangar kuma na FM a fat na biyu, shi ke lanƙwasawa. Amma kiran makaɗi da kuka ce, wannan na goyi baya ɗari bisa ɗari.

Yaya Mai Fiyano, bari in taɓa algaita tunda ba a zo kanta ba. Abu na farko, mai algaita ba ya yanke numfashi. Yana tara iska a kumatu, yana shaƙa ta hanci yana ci gaba da busa. Don haka sautinka kar ya mutu tsakanin maɓalli da maɓalli: mono, ka riƙa danna na gaba kafin ka saki na baya, fotamento (zamewar murya daga maɓalli zuwa na gaba) gajere ƙwarai, enbulof kuma ya tsaya a sama muddin yatsa na kai. Lissafi 1 da 1 za ka yi, ka ɗaga fidbak, wato yadda ofireta ke zuga kansa, zuwa 5 ko 6. Kar ka sa mai zuga a 2, wannan yana zubar da rabin muryoyin, sai ya ba ka sauti mai rami irin na kilarinet. Algaita bututunta buɗewa yake yana faɗi zuwa baki, duk muryoyin suna nan. Hancin nan da take yi kuwa, ka neme shi da ikwalaiza ko filta, ka ɗaga wajen haz (ma'aunin tsayin murya) 1,000 zuwa 2,000 kana saurare har ka ji ya zauna.

Na biyu, kuma shi ne na fi damuwa da shi: saiti. Fiyano ya raba okta, wato tazarar murya da ninkinta na sama, gida 12 daidai wa daida, kowane gida kuma an raba shi kashi 100 da ake kira sent. Algaita ba ta san wannan rabon ba, kowace da yadda aka huda ta da yadda mai ita ke matsa bakinsa. In ka busa ta a kan saitin fiyano, ko sautin ya yi kyau yaya, kunnen ɗan birni zai ce baƙuwa ce. Ka samu mai algaita, ka roƙe shi ya riƙe kowace murya na ɗan lokaci, ka auna da manhajar auna murya a waya, ka rubuta nawa ta hau ko ta sauka. MODX tana da wurin ajiye saitinka na kanka, kuma fat ɗin algaita kaɗai za ka ɗora wa. Sai dai ka sani, daga nan za ta riƙa karo da kod ɗin fiyano, wato muryoyin da ake dannawa tare. A wurin da algaita ta shigo ka janye kod, ka bar ganguna da bes a kan murya ɗaya.

Mai Gyara, PZ:

Ƙari kan na 'yar uwa: maɓallan MODX ba sa jin ƙarin danni bayan an buga, don haka numfashin sai da ƙafa. Ka sayi feda irin FC7, ka ɗaura ta a kan ƙarfin mai zuga da ƙarfin sauti a tare, don in mai busa ya ƙara iska, kaifi da ƙara tare suke hawa. Sannan don Allah ka riƙa adanawa bayan kowane gyara, ka kwafe a filash. Kar ka jona injin nan kai tsaye a janareta ba tare da sitabilaiza ba. Irinsu nawa aka kawo mini shago a kan haka.

Ɗan Makaɗa, Ƙofar Gayan:

In za ka je wurin masu algaita, ka je da kawunka, ka gaishe su yadda ya kamata, ka faɗa musu ainihin abin da za ka yi da sautin, ka kuma sallame su da kyau. Gadonsu ne. Kuma ka tambaye su wane take ne ya dace da biki, don akwai na sarauta da ba a yi wa kowa. Kalangu kuwa ka zo gidanmu ranar Alhamis bayan La'asar, ƙanen mahaifina zai buga maka sunan ango da na amarya, ka ji inda yake matsewa.

Mai Fiyano, Tudun Wada:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na je ranar Alhamis. Baba ya buga sunan ango ya fi sau ashirin, ni kuma ina kallon hannunsa na hagu, ba sandar ba. Na dawo na yi yadda Injiniya ya ce, ofireta biyu, mai zuga a 1.59, na rage masa tsawo, gwangwanin ya tafi. Tayar na tsayar a 5, don 7 ta fi ƙarfin yatsana. Na ɗora samfurin sanda kamar yadda 'Yar Kongo ta ce. Jiya na buga wa kawu ban gaya masa komai ba, sai ya ambaci sunan angon da kansa.

Algaita ce ba ta gama zama ba. Mun je da kawu, mun auna muryoyin, biyu daga ciki sun sauka ƙasa da na fiyano sosai, na shigar da su. Fedar kuma sai Litinin za ta iso. Abin da ya rage: in na yi saurin yatsu irin kwalliyar da mai busa ke yi, fotamento yana shafe su, suna narkewa cikin juna. Yaya 'Yar Kongo, in kashe shi gaba ɗaya ne, ko akwai lambar da kike tsayawa a kai?