Yawon cin amarci a Italiya: mu fara da birnin Roma ko da jirgin ruwa?

Sabon Ango:

Assalamu alaikum. Idan Allah ya nuna mana ƙarshen watan Afrilu za a ɗaura mini aure, kuma ni da wadda zan aura mun tsayar da shawarar yin yawon cin amarci na kwana 12 a cikin watan Mayu. Ita burinta ta ga birnin Roma da idonta, ni kuwa tun ina yaro nake sha'awar in kwana cikin babban jirgin ruwa a tsakiyar teku, shi ya sa muka ce mu haɗa biyun: kwana huɗu a Roma, kwana bakwai a jirgin shaƙatawa mai tashi daga tashar Civitavecchia, ragowar kwana ɗaya kuma na hanya. An nuna mana hanyoyi biyu. Ta yamma tana bi ta Palermo da Malta da Barselona da Marseille da Genoa, ta gabas kuma tana tsayawa a Santorini da Kusadasi ta ƙasar Turkiyya da Mykonos da Napoli. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yin irin wannan tafiya su ba ni shawara: da wanne ya fi dacewa mu fara, kuma wace hanya za mu bi? Sannan amaryar tana fargabar jiri, domin ko a mota aka yi nisa da ita sai zuciyarta ta tashi.

Tsohon Matafiyi:

Wa'alaikumus salam, ango. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Shawarata ita ce ku fara da birnin, kuma dalilina ba na jin daɗi ba ne, na tsaro ne. Otal yana jiran baƙon da ya makara, jirgin ruwa kuwa ba ya jiran kowa. Idan jirgin samanku ya yi jinkirin kwana guda kuna nufin Roma, abin da kuka rasa yini ɗaya ne na yawo, amma idan ranar tashin jirgin ruwan ce, sai dai ku bi shi zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunku, in ma an yarda ku shiga a can. Ni na ɗanɗana wani ɓangare na wannan. Akwatina ya ɓata a wurin canjin jirgi, bai iso ba sai bayan kwana biyu, kuma abin da ya cece ni shi ne ina zaune a otal a Roma, aka kawo mini shi har ƙofa. Da a teku nake, da na yi mako guda da riga biyu.

Ka kuma lura cewa Civitavecchia ba unguwa ba ce a Roma. Tsakaninsu kusan kilomita 80 ne, jirgin ƙasa na gama-gari yana cin sama da awa guda daga Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Roma, kuma daga tashar jirgin ƙasan sai an sake hawa mota kafin a kai inda jirgin ruwan yake. Yajin aikin ma'aikatan sufuri ba baƙon abu ba ne a Italiya, sai dai ana sanar da shi tun da wuri, saboda haka ka duba kafin ranar, ku kuma fita da hantsi.

Amma abin da ya fi damuna a saƙonka shi ne hanyar gabas, saboda biza. Italiya da Malta da Sifaniya da Faransa duk suna cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka a hanyar yamma ba ku fita daga yankin ba daga farko har ƙarshe. Turkiyya kuwa ba ta ciki. Da zarar jirgi ya tsaya a Kusadasi an ɗauka kun fita, komawarku Girka kuma, inda Santorini da Mykonos suke, shiga yankin ce ta biyu, ko da ba ku taka ƙasa ba. Wanda aka ba shi bizar shiga sau ɗaya yana iya zuwa bakin jirgi da tikitinsa a hannu a hana shi hawa. Idan gabas ɗin kuke so, ku nemi bizar shiga fiye da sau ɗaya, ku haɗa da jadawalin jirgin a cikin takardunku, ku kuma sa kamfanin ya rubuto muku abin da ake bukata daga mai irin fasfonku a tashar Turkiyya. A ofishin jakadancin Italiya za ku nema, tunda can za ku fi daɗewa. Ana karɓar takardu tun saura wata shida a yi tafiya, amsa takan fito cikin kwana 15 amma tana iya kai kwana 45, ana bukatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma dole fasfo ya kasance da sauran wata uku bayan ranar fitarku. Da ni ne, ba zan biya kuɗin jirgin da ba a mayarwa ba sai biza ta shigo hannu.

Uwar Biyu:

Ina taya ka murna, ƙanena. Na yarda da abin da Malam ya faɗa a kan biza, amma ina da ɗan ja a kan tsarin kwanakin. Maza sukan manta da irin gajiyar da amarya take kwasowa daga hidimar aure, Roma kuwa birni ne da ake cinsa da ƙafa, a kan tituna masu daɓen duwatsu. Mu da muka je, a yini na biyu na zauna a bakin wata maɓuɓɓugar ruwa na ce wa maigidana ba zan ƙara taku ɗaya ba. Idan har birnin za ku fara da shi, to ku bar yinin farko ba tare da wani shiri ba, kuma kada ku sa manyan wurare biyu a rana guda.

Kolosiyam, tsohon babban filin wasan Romawa wanda aka buɗe a shekara ta 80 bayan haihuwar Annabi Isa, ya isa yini guda idan aka haɗa shi da kufan tsohon dandalin Romawa da ke gefensa. Ku sayi tikiti ta intanet tun kuna gida, domin da sunan mutum ake buga shi, ana kuma iya neman fasfo a ƙofa. Gidajen tarihi na Vatican, fadar Fafaroma, su ma yini guda ne, kuma a rufe suke ranar Lahadi, ban da Lahadin ƙarshen wata da ake shiga kyauta, ranar da cunkoson ya fi ƙarfin masu neman natsuwa. A can ne ake ganin rufin cocin Sistine da shahararren mai zane Michelangelo ya zana tsakanin 1508 da 1512. Watan Mayu da kuka zaɓa ya yi daidai, domin zafin Yuli da Agusta ba ya barin mutum ya more yawon rana.

Batun jiri kuwa, zaɓin ɗaki ne rabin maganinsa. Ku nemi ɗaki a tsakiyar jirgin, a hawa na ƙasa-ƙasa, domin goshi da bayan jirgi da benayen sama su suka fi lilo. Idan hali ya yi, a samu mai baranda ko taga, saboda kallon inda sama ta haɗu da ruwa yana kwantar da zuciya. Waɗannan jirage suna da wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, yawancin dare ma ba za ta san ana tafiya ba. Wurin da za ta iya jin jiki a hanyar yamma shi ne tsakanin Barselona da Marseille, inda iskar arewa mai suna Mistral takan tayar da teku. Ta ga likita kafin tafiya ya rubuta mata magani, ta sha tun kafin jirin ya fara. Sannan sunan da ke kan tikiti ya zama daidai da na fasfonta harafi da harafi.

Ma'aikacin Jirgi:

Barka, ango. Na yi shekaru ina aiki a irin waɗannan jirage, kuma abin da na fi ganin ya sa sababbin aure kuka shi ne agogo. A kowace tasha ana rubuta lokacin da dole kowa ya dawo, galibi rabin awa kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki, wanda ba kullum yake daidai da na gari ba. Girka tana gaban Italiya da awa guda, wayarka kuma takan canza lokaci da kanta ba ta tambaye ka ba. Idan rangadin da kamfanin jirgi ya shirya kuka bi kuka makara, za a jira ku, idan kuwa da kanku kuka fita, za a miƙa takardunku ga wakilin tasha a tafi. Saboda haka wuri mai nisa da bakin ruwa ku bi rangadin kamfani ko da ya fi tsada, amma a Valletta ta Malta, inda birnin yake saman tashar, ƙafarku ta isa.

A Santorini jirgi ba ya matsowa bakin ƙasa. Da ƙananan jiragen ruwa ake kwasar mutane, sannan a hau motar da igiya ke ja zuwa saman dutse ko a taka matakala sama da 500, kuma ranar da jirage da yawa suka haɗu layin dawowa yana cin lokaci mai tsawo. Ga mai saurin jiri, ƙaramin jirgin nan ya fi babban wahala.

Kafin jirgi ya tashi za a kira ku atisayen ceto, kuma wajibi ne. An tsaurara wannan doka bayan hatsarin jirgin ruwan Costa Concordia a kusa da tsibirin Giglio cikin Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu. Ka kashe intanet ɗin layinka da zarar kun bar gaɓa, domin a teku ta tauraron ɗan'adam wayar take haɗuwa, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. Ka kuma tambaya ko ladan ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum yana cikin abin da ka biya, kada ka gan shi bagatatan a daren ƙarshe.

Sabon Ango:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa amaryar amsoshinku, kuma da ta ji labarin ƙananan jiragen Santorini ita da kanta ta zaɓi hanyar yamma. Za mu fara da Roma, mu bar yinin farko don hutu kamar yadda Yaya ta ce. Saura abu ɗaya: ranar da jirgin ya dawo Civitavecchia, ƙarfe nawa ya kamata jirgin samanmu ya kasance?

Ma'aikacin Jirgi:

Jirgi yakan iso da sassafe, amma rukuni-rukuni ake sauke mutane, sai kuma neman akwati da tafiyar kusan awa guda a mota zuwa filin jirgin sama na Fiumicino. Kada ka karɓi tikitin da zai tashi kafin ƙarfe biyu na rana.