Multiplex: mai sassa ko gidan yawa?

Jama'a, ku zo ku taya ni. Ina rubuta wani labari kan gidajen sinima na ci karo da kalmar multiplex, na tsaya cak. Sinima dai mun ara tun tuni, wasu ma silima suke cewa, ba wanda ya damu. Amma wannan fa?

Ga abin da take nufi: gini ɗaya, ƙofar shiga ɗaya, wurin yankar tikiti ɗaya, amma ciki ɗakunan kallo da yawa, kowanne da allonsa da fim ɗinsa da lokacinsa. A 1963 Stanley Durwood ya buɗe mai ɗakuna biyu a Kansas City ta Amurka, kuma kamfaninsa ne ya zama AMC, babban kamfanin gidajen sinima na Amurka. Lissafinsa na ɗan kasuwa ne: mai yankar tikiti ɗaya da mai sayar da gugguru ɗaya sun ishi ɗakuna biyu, in dai an saɓa lokacin farawa. Abu ya yi ta girma, har a 1988 kamfanin Kinepolis ya buɗe mai ɗakuna 25 a Brussels ta Beljiyam.

Na fara da "gidan kallo babba", na janye. 'Yan ƙwallo sun riga mu, yau in ka ce gidan kallo, Arsenal da Madrid za a ji. Majigi kuma na fili ne, wanda mota ke kawowa ƙofar fada bayan magariba a haska a kyauta. Kada mu ɓata masa suna.

Wata 'yar'uwa ta rubuto cewa a kira shi "gidan yawa". Hajiya, wallahi na yi dariya, kuma kin kusa. Sai dai gidan yawa yana ɗauke da ƙamshin hayaniya, faɗan tsakar gida da layin banɗaki. Mai kamfani ba zai yarda a rubuta masa haka a allon talla ba.

Amma maganarki ce ta buɗe mini ido. Ku dubi babban gidan Bahaushe. Zaure ɗaya kowa ke bi, in an wuce shi sai kowane magidanci ya nufi sashensa, abin da ake dafawa a nan daban da na can. To ai shi ke nan! Zauren shi ne inda ake yankar tikiti, sassan su ne ɗakunan kallo. Na tsaya a kan "sinima mai sassa".

Wani malam kuma ya rubuto cewa "rukunin sinima" ya fi daɗin ji. Malam, ina girmama ra'ayinka, amma rukuni na gine-gine da yawa ne, kamar rukunin gidaje ko rukunin kamfanoni. Ka kawo mu kan kalma ta biyu, chain, wato kamfani ɗaya mai gidajen sinima a garuruwa daban-daban, irin su Odeon a Ingila, PVR a Indiya, Silverbird da Filmhouse a Najeriya. Don Allah kada wanda ya ce mana "sarƙar sinima". Sarƙa ta wuya ce ko ta keke. Banki ma rassa muke cewa yana da su. Saboda haka "kamfanin sinima mai rassa".

Mai sassa, mai rassa. Ban shirya su yi amo ɗaya ba, haka suka zo.

Inda na kasa shi ne tsofaffin. Turawa na kiran manyan na da movie palace, masu ɗaki ɗaya tal amma kamar fadar sarki: Grand Rex ta Paris tun 1932, ko Roxy ta New York da aka buɗe a 1927 da kujeru kusan dubu shida, aka rushe ta a 1960. Talabijin ta janye musu jama'a, mai sassa ta zo ta ƙarasa su, don cika ɗakin mutum 200 ya fi cika na dubbai sauƙi. "Fadar sinima" za ta iya ɗaukar waɗannan. To namu fa? Rex ta Kano ta 1937, Palace ta Jakara ta 1952, su Plaza, Orion, Eldorado, Marhaba. Da yawansu ko rufi babu, sai dare ya yi a haska, in hadari ya taso kowa ya san inda dare ya yi masa. Sinimar Wapa kuwa, yaron yau in ya ji sunan, canjin dala yake tunawa. Kiran waɗannan fada ƙarin gishiri ne. Ni dai "sinimar da" nake ce musu, sai in wani dattijo da ya sha layin tikitinsu ya ba mu wadda ta fi.

Na gwada biyun farko a kan ƙanena ɗazu. Na ce masa Filmhouse kamfani ne mai rassa, kuma reshensa mai ɗakunan kallo da yawa mai sassa ne. Bai tambaye ni me nake nufi ba, cewa ya yi, "Yaya, yaushe za mu?"