Neman kalmar Hausa: motar da ke jan ɗakin kwana a Amurka

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ranar Juma'a zan miƙa fassarar wani bayani da za a karanta a rediyo, kan yadda Amurkawa ke zaɓen "pickup truck" da za ta ja musu "travel trailer", wato ɗaki mai tayoyi, da gado da madafa da banɗaki a cikinsa, wanda ake ƙulla wa mota a baya lokacin hutu. Abubuwa uku ne suka tsaya mini: sunan motar, sunan ɗakin, da kuma "towing capacity".

Bakanike: Wa alaikumus salam, Malama. Motar ai a-kori-kura ce, tun zamanin Peugeot 404 mai buɗaɗɗen bodi. Na ukun ki ce ƙarfin ja, amma don Allah ki raba shi da nauyin lodi, domin a nan mai saye ke ruɗewa. Kamfanin Ford ya ce wasu F-150 ƙirar 2021 suna iya jan fam 14,000, kimanin kilo 6,350, sai dai ɗakin ba jan sa kawai ake yi ba, bakinsa yana danna ƙugiyar motar da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsa. Ɗaki mai kilo 3,000 ya riga ya ɗora wa motar kilo 300 zuwa 450 tun iyali ba su shiga ba, kuma cikin lodi ake lissafa wannan. Iyakar lodin tana rubuce a 'yar takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Idan aka wuce ta, baya ya zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako a hannu.

Malamin Hausa: Na yarda da ƙarfin ja, amma lodi da bodi duk aro ne, alhali muna da kaya. Ɗakin kuwa, na daɗe ina cewa a kira shi bukkar ja, kada kowa ya kawo mana tirela.

Mazaunin Amurka: Ranka ya daɗe, ba a kiran ɗaki mai firiji da na'urar sanyaya iska bukka. Ni a-kori-kurar ma ba ta kwanta mini ba, domin wanda ya ji ta tsohuwar motar kasuwar ƙauye zai tuna, ba Ram 1500 ko Chevrolet Silverado ba. Mutanenmu Hilux suke ce wa duk irin wannan mota.

Malamin Hausa: Ƙanena, wannan raina kai ne. Tsadar mota ba ta sauya mata suna, kuma Hilux sunan ƙirar Toyota ne, wadda ma ba a sayar da ita a Amurka yanzu. Bukka kuwa muhallin mai ƙaura ce, ba abin kunya ba.

Ɗan Maraɗi: Mu nan kat-kat muke cewa, sai dai wannan yana nufin motar da tayoyinta huɗu duka ke ja, ba siffar bodinta ba. Game da ɗakin, tunda muna cewa kotun tafi-da-gidanka, me zai hana a ce ɗakin tafi-da-gidanka? Ban taɓa ganin inda kalmar ta dace kamar nan ba.

Bakanike: Ya yi daidai. Tirela za ta sa mai sauraro ya hango babbar motar siminti ko taki.

Mai fassara: Na gode ƙwarai. Zan rubuta a-kori-kura, da ƙarfin ja, da ɗakin tafi-da-gidanka. Lodi zan bar shi, Malam, domin idan na ce kaya, mai sauraro ba zai sa fasinja da nauyin da ke kan ƙugiya cikin lissafi ba.

Malamin Hausa: To, a yi haka saboda Juma'a ta matso. Amma tafi-da-gidanka ta yi wa bakin mai karatu tsawo, kuma ban janye bukkar ja ba.